Marafan Kwalba Huɗu

Akwai wata safiya a watan Disamba da na san ko tsufa ba zai mantar da ni ita ba. Lokacin ban daɗe da fita takaba ba. Maigidana direban tanka ne a Apapa, jinyar kwana uku ya yi, Allah ya karɓi abinsa. Ya bar ni da yara biyu a ɗakinmu na Agege. Babbar, mai shekara biyar, tun daga ranar ta daina magana a makaranta, kuma ba ta shiga aji sai na zauna a baya. Har hedimasta ya ce idan zangon ya ƙare a haka, gara in ajiye ta a gida sai baɗi.

Malamarsu 'yar Filato ce, Kirista, yara na kiranta Anti. A makon tana koya musu bukukuwan mutane, Kirsimeti da Sallah da sabuwar shekara. Ta ɗaga hoton wata ƙasa da ƙanƙara ta rufe rufin gidaje, sai wata yarinya ta ce, "Anti, wa ya zubar da garin rogo haka?" Aji ya kwashe da dariya, ban da 'yata.

Daga nan aka shiga lissafi. Anti ta raba marafan kwalba ta ce, "Ranar biki kowa da kwanonsa. Ku ajiye marfi ɗaya a kan kowane mutum na gidanku, mu ƙirga."

Ina kallo 'yata ta jera huɗu. 'Yar maƙwabtanmu da ke kusa da ita ta ɗaga hannu.

"Anti, ta yi kuskure. Su uku ne yanzu."

Na miƙe zan ɗauke ta mu tafi. Anti ta yi min alama da hannu in zauna. Ta zo ta durƙusa gaban bencin, ba ta taɓa marfi ko ɗaya ba.

"Wannan na Baba ne, ko? To, ai kwanonsa ba a zubarwa. Sadaka ake yi masa da shi. Wa za ki kai wa?"

Ina jin kwandastan motar haya ta danfo yana kiran fasinja a titi. Can sai 'yata ta ce, ƙasa-ƙasa, "Baba mai gadi." Tana nufin dattijon nan ɗan Nijar da ke ƙofar makaranta, wanda mahaifinta ba ya wucewa sai sun gaisa.

Anti ta miƙa mata alli. "Zo ki rubuta mana. Uku a tara da ɗaya?"

"Huɗu," in ji ta, har na bayan aji suka ji.

Na rufe fuskata da mayafi. Da aka tashi na je yi wa malamar godiya. Ta ce, "Mama, bari kawai. Ni ma ina ƙarama aka cire min ɗaya."

'Yata ta ƙarasa zangon, ta koma a Janairu ita kaɗai. Har yau duk Sallah kwano huɗu nake zubawa, ita take kai na huɗun. Abin da na koya a ajin nan shi ne, idan yaro ya ba da amsar da ba ka zata ba, kafin ka ce ya yi kuskure, ka durƙusa ka tambaye shi wa yake ƙirgawa.