Daminar da Kurkunu Ya Kwantar da Baba

Ranar wata Laraba ce, a daminar da ta biyo bayan ba mu jihar Zamfara, hantsi ya ɗaga, gero ya kai taƙi guda a gona. Baba na zaune a gindin rumbu, a ƙauyenmu da ke bayan duwatsun Kwatarkwashi, ya miƙe ƙafar dama a kan buhu, sai ya kira ni ya nuna mini idon sawunsa. Ƙurjin da ya kwana uku yana yi masa zogi ya fashe, ga wani farin abu kamar zare ya leƙo. Kurkunu ne, tsutsar nan da ake sha a ruwan tafki. Ya miƙo mini tsinken tsintsiya ya ce, "Zo nan, ɗiyata, hannunki ya fi nawa sanyi." Shekaruna ba su wuce goma sha ɗaya ba, kuma ni kaɗai ce mai takawa a gidan, domin Inna ta riga shi kwanciya, nata biyu ne, duk a gwiwa.

To, shi kurkunu ba a yi masa gaggawa. Kullum da safe sai in jiƙa tsumma in ɗora a bakin ƙurjin, in jira ya saki jiki, sannan in naɗe abin da ya fito a jikin tsinken, wata rana gaɓar yatsa guda, wata rana ko rabinta. Da na ji ya ƙi, sai in tsaya, in ɗaure tsinken da ƙyalle sai gobe. Kowa ya san in ya tsinke a ciki, ƙafa ta shiga uku. Daga nan in yi wa Inna nata, in ɗauki tulu in nufi tafki, in dawo in yi surfe, in kora awaki bakin fadama. A da hanyar tafkin nan cike take da 'yan mata, muna tafe muna tsokanar juna, mu ajiye tuluna mu yi carafke har a aiko nemanmu. A shekarar nan daga ni sai sawuna. Ƙawata Lantana ma tana kwance, sai dai in zan wuce ta ƙwala mini kira ta bayan danga, "Ke mai ƙafafu, ki gaishe mini da tafki!" Nakan tsinci 'yan duwatsuna in yi carafken ni kaɗai, in ci, in faɗi, ba mai ganina balle ya ce na yi maguɗi.

Gona kuwa ba ta san mai ita na ciwo ba. Lokacin noman farko ya yi, harkiya ta taso ta lulluɓe geron, kuma ba halin kiran gayya, don rabin majiya ƙarfin garin suna kwance kamar Baba. Na gwada da fartanya, kunya biyar na yi tafin hannuna ya fashe. Kullum sai ya tambaye ni yadda gonar take, in ce lafiya lau, shi kuma ya ɗaga kai ya dubi hadari. Ana nan, ana nan, wata rana na dawo daga gonar, na ga ciyawa ta fi hatsi tsawo, sai zuciyata ta raya mini cewa in na ƙara jan kurkunun kaɗan, jibi Baba zai riƙe fartanyarsa. Na zauna, na kama tsinken, na ji ya ƙi, ban tsaya ba. Kurkunun ya tsinke, ko ƙara bai yi ba. Sai ga tsinke a hannuna, sauran ya koma ciki.

Kafin kwana biyu ƙafar ta kumbura suntum. Aka ɗora shi a jaki zuwa ɗakin shan magani mafi kusa da mu, ina biye da buta. Malamin da ke wurin mutumin kirki ne, har buɗe mana kabad ɗinsa ya yi don mu gani da idonmu, ba komai ciki sai kwalabe wayam. Ya ce tun rani ba a aiko musu da magani ba, ya rubuta takarda ya ce sai Gusau. Kafin a sami mai sayen akuya a kai shi, ciwon ya ci jijiya. Ya warke, amma idon sawun ya sandare har Baba ya koma ga Allah. Geron da muka ɗaure a kakar nan bai rufe gindin rumbu ba. Baba ya ba da aron gonar, ya koma Tsafe yana sayar da rake a bakin titi, sai ran Juma'a muke ganinsa. Bai taɓa ɗaga mini maganar ba. Sau ɗaya na durƙusa zan ba shi haƙuri, kuka ya ci ƙarfina, sai ya ce, "Tashi, ɗiyata. Wanda ya bar gari guda na shan tafki, shi ya ja shi, ba ke ba."

Bayan damina biyu ma'aikatan lafiya suka zo daga Bungudu a kan babur, suka raba ƙyallen tace ruwa gida-gida, daga baya aka kawo mota ta haƙa mana rijiyar burtsatse. Daga nan damina ta daina samun mutane a kwance, rumbuna suka cika, har wasu suka yi rufin kwano. Yau jikokina na faɗa a kan wanda zai buga famfon, suna watsa wa juna ruwa, in na ce kurkunu sai su ɗauka tatsuniya zan fara. Ina murna da rashin saninsu, amma nakan tsaya da bokitina in tuna cewa kwana huɗu kacal aka yi ana haƙa rijiyar nan, a kan idona. Da an zo da wuri kaɗan, da Baba ya mutu yana manomi.