Agogon Sha Biyun Magariba

Ana sallame asuba muka bar gida, ni da maigidana, zuwa filin jirgin Kano. Maƙwabta sun yi ta ba ni saƙon dabino da zamzam, ina cewa to. Abin da na ƙulle a bakin zanena kuwa ban nuna wa kowa ba: agogon mahaifina ne, wanda ya tsaya tun ranar da aka kai shi makwanci.

Ga dalilin ɗaukarsa. Ina ƙarama Baba ya tafi Makka a ƙasa, bai dawo ba sai gab da samun 'yanci. Ya dawo ba haƙorin Makka, ba akwatin tsaraba, sai wannan agogo. Yayansa, Baffa, ya baza a gari cewa a Sudan ya maƙale yana tsinkar auduga, agogon kuma a kasuwar can ya saya. Abin da ya ƙara musu abin dariya, kullum aka kira magariba sai Baba ya mayar da agogon ƙarfe sha biyu. Har ya rasu Baffa bai taɓa kiransa Alhaji ba, kuma ranar addu'a, a gaban jama'a, Malam kawai ya kira shi. Wannan ya ci mini rai, ban kuma yafe ba.

Da aka buɗe ƙofar jirgi a Jidda sai na ji kamar an rufa mini jiƙaƙƙen bargo. Zafinsu ba irin namu ba ne, mai danshi ne, gumi ba ya bushewa. A masaukin alhazai aka jibge mu, kowa na gadin kayansa. Da safe muka ci ful, wato wake da aka dafa ya yi lugub aka zuba masa mai, da wani faffaɗan burodi mai zafi da suke kira tamis. Arha kam akwai, amma maigidana ya ce har yanzu bai ga abin da ya kai ƙosai ba.

Baba ya sha gaya mini cewa shagon masu agogon yana kusa da Ƙofar Makka a Jidda, kuma Hausawan Sudan ne. Muka kutsa tsohon gari, lunguna matsattsu, benaye masu tagogin katako kamar za su rungumi juna. Shago babu shi, mai atamfa ne a wurin. Maigidana ya ce mu haƙura, ai ibada ta kawo mu. Na ce ya koma masauki in ya gaji, ni dai ba inda zan je. Wata Batakara mai sayar da gyaɗa, da Hausarta rabi Larabci, ta ce sun koma unguwar Bagdadiyya. Mai tasi ya so ya yanke mu, na nuna masa 'yar Kano ce ya ɗauka.

Shagon sabo ne fil, da gilashi da na'urar sanyi. Ɗan gidan ne ke kan kanta, mahaifinsa Ammu Idris na zaune a lungu da ɗan madubin ido ɗaya rataye a wuya. Da tsohon ya ji Hausar gida sai ya sa aka kawo shayi, ya ba mu tarihinsu. Mahaifinsa ya ƙetaro teku da akwatin kayan aiki tun ganuwar Jidda na tsaye. A ƙarƙashin inuwar wani bene ya fara gyara, kafin ya sami shago. Ya ce lambar da Turawa ke bugawa a cikin agogo ranar ƙira kawai take faɗa, su kuwa duk agogon da ya ratsa hannunsu sai sun karce alama a cikin murfin baya. Ta mahaifinsa ɗigo uku ce kamar duwatsun murhu. Da shi ya gaji shagon sai ya ƙara layi a ƙarƙashi. Ɗansa kuwa hatimi yake bugawa, abin da tsohon ya faɗa yana taɓe baki.

Ya buɗe agogon Baba, ya daɗe yana dubawa. Ya nuna mini ɗigo uku a karkace, ya ce wannan hannun mahaifinsa ne lokacin da ya soma rawa, a shekarunsa na ƙarshe. Ƙarƙashinsu ga nasa masu layi, jere da juna. Ya ce alhajin da ya zo ya wuce sau ɗaya ake ganin agogonsa, wannan kuwa ya yi shekaru yana dawowa.

Har na fara murna sai ɗan ya ce, "Ya hajja, agogo ya zauna a Jidda, halas, ba musu. Amma ana sayar da agogo. Ba mu da shaida a kan mutum."

Gaskiya ya faɗa, shi ya sa ta yi mini zafi. Na ji kamar Baffa ne ya biyo ni har nan da farar riga.

Tsohon ya murza ɗan kan da ake wana agogon da shi. Ya ce wannan ba nasu ba ne, wa ya sa shi? Na ce wani mai gyara a Sabon Gari, don Baba ya cinye na asalin da ja, kullum magariba yana mayar da shi sha biyu, ana yi masa dariya.

Ammu Idris ya zare madubin, ya dube ni. Ya miƙo hannunsa. Hantsi ne a waje, amma agogonsa na nuna wajen ƙarfe huɗu.

"Lokacinmu na dā ke nan, ya binti. Rana ta faɗi, sha biyu, duk garin nan. Hukuma ta canza, ni ban canza ba. Ban tuna fuskar babanki ba, Takari da yawa sun wuce ta shagonmu. Amma wannan ɗabi'a ba a sayenta a kasuwa, sai an zauna da mu."

A tsakiyar shagon mutane na yi kuka, ban ji kunya ba. Ya wanke agogon, ya sa masa mai, ya hana ɗansa buga hatimi, ya karce ɗigo uku da layi da hannunsa.

Mun sauke farali lafiya, na yi wa Baba addu'a a wuraren da aka ce bai taka ba. Da muka dawo Kano gida ya cika da 'yan barka. Baffa ya zo da yamma, na durƙusa na gaishe shi yadda ya kamata, na ba shi labari duka. Ya saurara, sannan ya ce agogo ai ba mutum ba ne.

Abin da tafiyar nan ta koya mini ke nan: wanda ya ƙi gani, ko me ka ɗebo daga bayan teku ba zai gani ba, kuma ba sai da yardarsa gaskiyar Baba za ta tsaya ba. Ban yi musu da shi ba. Ladan ya kira magariba, na ja kan agogon a gabansa, na mayar da shi. Ya tambaya cikin gatse, to ƙarfe nawa yanzu?

Na ce, "Sha biyu, Baffa. A agogon Alhaji."