Ina-ka-tsaya da Yayansa

Duk layinmu ba wanda ke kiran mai askin nan da sunansa na yanka. Ina-ka-tsaya muke ce masa, domin da ya yafa maka ƙyalle a wuya, tun kafin ya kunna injin aski, zai jefo maka tambayarsa: "Me kake karantawa, kuma ina ka tsaya?" In ka ce ba komai, sai ya dube ka ta madubi kamar ka ce masa yau ba ka yi wanka ba.

Shagon kemis ɗina bango ɗaya ne ya raba shi da nasa, ni kuwa Allah ya yi ni da son jin ƙwaƙwaf, shi ya sa na san shagon ciki da bai. Kujera ɗaya ce mai juyawa, an ɗaure hannunta da roba, sai benci da madubi mai tsaga a gefe. Kantar da sauran masu aski ke jera hoda da man gashi, shi littattafai ya cika ta da su. Ba sayarwa yake yi ba. Ka zo aski, ka ba shi labarin abin da kake karantawa, shi kuma ya miƙa hannu ya zaro wanda ya ga ya dace da kai. Ya taɓa ba wani direba mai saurin fushi littafi kan kiwon zuma, ya ce zai koya masa tafiya a hankali. Direban ya dawo yana masifa, amma ya nemi wani irinsa. In ka ga dama ka ara wa wani littafin, shi dai sharaɗinsa ya dawo kanta.

Abin da ya fara ɗaure mini kai shi ne yadda littattafansa ke kumbura. Ashe shafi yake lanƙwasawa. In ya yarda da marubuci, ya lanƙwasa kusurwar sama. In kuwa ya ga marubucin ya yi shirme, sai ta ƙasa.

"Malam, wa ya koya maka wannan ɓarnar?" na tambaye shi.

"Babanmu," ya ce. "Direban babbar mota ne, duk tafiya sai ya dawo da littafi. Ya hana mu rubutu a ciki, ya ce mai bakin magana ya yi ta da kusurwa."

Na ji "mu" ɗin nan, na ce su waye su. Sai ya kunna inji ya ce in sunkuyar da kai.

Matarsa ce ta warware mini, ranar da ta zo sayen maganin tari. Yana da wa, mai gyaran agogo a bakin tasha. Da mahaifinsu ya rasu ya bar akwatin katako cike da littattafai. Ƙanen ya ce a ba shi ya ajiye, wan ya ce shi ne babba, a ɗakinsa akwatin zai zauna. Wan ya tura shi ƙarƙashin gado, jikin bango mai danshi. Ranar da aka buɗe, gara ta gama da komai, sai bango-bango da gari. Ina-ka-tsaya ya dubi wansa a gaban mutane ya ce, "Kai da gara duk ɗaya ne." Tun daga ranar ko gaisuwa ba ta haɗa su.

"Kullum abin na cin sa," in ji ta. "Amma ka san shi da taurin kai. Ina tsoron ɗayansu ya mutu a haka."

Ban ce na shirya abin da ya biyo baya ba, amma kuma a garin nan masu gyaran agogo ba ɗaya ba ne, ni kuwa na bakin tasha na kai wa nawa. Na same shi a wata 'yar rumfa, dattijo da hula har kunne, gilashin duba ƙananan ƙarafa maƙale a ido ɗaya. A hammatata akwai wani littafin tarihin matuƙa jiragen ruwa da na aro a wurin mai aski. Ya buɗe bayan agogon, ya hura, sannan ba tare da ya ɗago ba ya ce:

"Me kake karantawa?"

Na faɗa masa.

"Ina ka tsaya?"

Na miƙa masa littafin. Ya cire gilashin, ya bi kusurwoyin da babban yatsa ɗaya bayan ɗaya. Daga baya ya ce, "Ɗana, ka bar mini shi zuwa ranar da za ka karɓi agogonka."

Littafin ya dawo ya ninka kumburi. Kusan duk inda aka lanƙwasa sama, an bi an lanƙwasa ƙasa. Na ajiye shi a kanta. Ina-ka-tsaya ya ɗauka, ya buɗe, fuskarsa ta canja.

"Likita," haka yake tsokanata, "wane mara kan gado ka ba littafina?"

"Wani abokina ne, Malam."

"Abokinka bai san komai a kan teku ba." Ya ci gaba da juya shafi yana tsaki. Bai tambayi sunan abokin ba, ni ma ban faɗa ba. Can ya zaro wani labarin alƙali da ya yanke hukunci bisa kuskure, ya dangwara mini. "Ba shi wannan, mu ga ƙarshen iyawa."

Haka na zama ɗan aike da gemuna. Wallahi abin ya riƙa ba ni haushi, domin littafi ba ya kwana a hannuna balle in karanta. In kai tasha, dattijo ya ce, "Ka gaya wa mai littafin nan har yanzu gaggawa ke damunsa, wannan alƙalin ba mugu ba ne." In dawo, mai aski ya ce, "Ka ce masa ya sake duba babin ƙarshe da tabarau." Su direba da tela da ke zama a benci suka shigo ciki, kowa na da gwaninsa, har aka fara neman littafin da ya je tasha ya dawo fiye da sauran. Wata rana aka sami shafi ɗaya da dattijon ya ƙyale, bai taɓa ƙasansa ba. Ina-ka-tsaya ya wuni yana nuna wa duk wanda ya shigo, yana cewa, "Ka gani? A nan ya rasa ta cewa." Murna yake yi kamar an yi masa haihuwa.

Da damina ta wuce na gaji, na same shi yana share gashi na ce, "Malam, ƙafata ta gaji. Tashar nan ba a bayan duniya take ba."

Ya ci gaba da shara kamar bai ji ba. Na ɗauka na ɓata rawata da tsalle, na koma shagona ina jin haushin bakina. Washegari sai ga shi da sabon littafi dal a leda, ko buɗe shi bai yi ba. Wannan mutum da ba ya iya ganin sabon littafi ya kwana bai fara ba.

"Ka kai masa," ya ce, bai yarda mun haɗa ido ba. "A gidanmu babba ke fara karantawa."

Na kai. Dattijon ya buɗe, ya ga shafuka sumul, ya rufe. Bai ce a faɗi komai ba. Sati ya zagayo ba labari. Ina-ka-tsaya ya daina tambayar kowa inda ya tsaya, yana aski yana leƙen hanya, har ya zaftare wa tela gefen gashin baki.

Ina auna wa wata mata maganin yara da hantsi na hango hular nan ta wuce ƙofata. Na ce wa matar ta yi mini minti ɗaya, na bi shi. Dattijon ya yi sallama, ya wuce kai tsaye ya zauna a kujera mai juyawa, littafin a cinyarsa. Ya cire hula. Kan nan tal, ko silin gashi babu.

"Gara ce ta zo aski," ya ce.

Ina-ka-tsaya ya tsaya da ƙyalle a hannu. Ya yafa masa ƙyallen, ya ɗaure a hankali, sannan da ƙyar ya ce, "Yaya, ka yafe mini wannan kalmar."

"Ai na cancance ta. Da na ba ka akwatin, da yanzu suna kan kantar nan."

Suka kalli juna ta madubi. Ni dai hawaye ya cika mini ido, ban kuma ji kunya ba. Mai aski ya ja hanci, ya ɗauki injin, ya dubi littafin.

"To, Yaya, ina ka tsaya?"

"Ban fara ba," in ji dattijon, ya miƙa masa ta kan kafaɗa. "Na buɗe na ga ba kowa a ciki. Da wa zan yi gardama? Karanta ka lanƙwasa, sannan ka kawo mini da ƙafarka."

Na koma wurin mai jiran magani, na ba ta haƙuri. Har na sallame ta, na sallami wasu bayanta, ina jin ƙarar injin ta bango yana ta yawo a kan da ba gashi, su kuma suna musu a kan alƙalin nan.