Masussukar da ke Gabas da Ɗakin Hadiza

Shekara bakwai ke nan da rasuwar yayata Hadiza, kuma har yau ban huce ba. Masu cewa in yi haƙuri sun faɗa, na ji.

Ɗakinta yana bakin gari, a ƙauyenmu kusa da Allakaye, daf da filin da ake sussukar gero. Tun tana yarinya take da fuka. Lokacin sanyi hayaƙin ledar da ake ƙonawa a juji ya shaƙe ta, da bazara kuma na sassabe, amma duk tana jurewa. Kaka, lokacin girbi, ita ce abokiyar gabarta. Iska ta taso daga gabas, ta kwashi ƙaiƙayi ta zuba mata har cikin tukunyar miya. Sai ta jiƙa wani tsohon zane ta rataya a taga, ta zauna tana jan numfashi kamar mai jan guga.

Abu ɗaya ta roƙa, a mayar da masussuka yamma da gari. Ta je ta durƙusa gaban Kawu Idi, ƙanin mahaifiyarmu, mai filin. Ya ce, “Nan kakanninmu sunka yi sussuka, ɗiyata. Ba a tada masussuka don tarin mace guda.” A wannan kakar muka binne ta. Shi ya fi kowa ɗaga murya wajen addu'a.

Da za ta leƙo yau, me za ta gani? Kawu ya sayi injin sussuka ya girke a wannan filin dai. Ƙurar da mata goma ke tayarwa a yini, injin na tayar da ita kafin hantsi, ga hayaƙin gazuwal, man da injin ke sha, a kai. A ɗakin nan kuma 'yarta Rabi ke kwana, ta kuwa gado ƙirjin uwarta. Bara na je na maimaita masa roƙon Hadiza. Ya yi dariya ya ce zaman birni ya ɓata ni.

Hadiza ba ta bar wa Rabi gadon gona ba, ba ta bar mata shanu ba. Shekaranjiya na shiga gidan, injin na ruri, na tarar Rabi ta jiƙa zanen nan ta rataya a taga. Ba wanda ya koya mata.

Gobe zan tafi da ita Madawa, birnin da nake zaune. Kawu, in an karanta maka wannan, bana kada ka zo addu'ar tunawa da Hadiza.