Yarinyar da Nake Aikawa Rijiya Ranar Zuwan Sufeto

A lokacin ina malamar kwantaragi, ba ta dindindin ba, shekarata huɗu da riƙe alli, a wata lakwal, wato makarantar boko, ta ƙauye kusa da Matameye. Mai ji da kai ce ni, ga son a yaba mini. Ajina na zana ne, ba ma shiga sai an gama girbi an samu kara, amma in sufeto ya zo ajina ake fara kai shi. Abin da bai sani ba, dabara gare ni. Da na ji ƙishin-ƙishin zuwansa sai in ware waɗanda karatu bai shige su ba, in miƙa musu bokiti su tafi rijiya. Sauran kuwa mun maimaita abin da ke allo har sun haddace, ina nuni da sanda suna rerawa. Sufeto ya rubuta yabo, daraktan makarantar ya washe baki. Ƙarshen shekara kuma umarni ne daga sama, kada a yawaita masu maimaita aji, sai in sa hannu kowa ya wuce.

Cikin masu zuwa rijiyar akwai wata yarinya shiru-shiru, tun aji uku take hannuna har aji biyar. Ubanta yana Kano cin rani. Wata Laraba uwarta ta faɗo mini aji ko sallama babu, da takardar magani a hannu. Ashe ƙanin yarinyar ne ya yi zazzaɓi, maƙwabci ya karɓo musu magani a gari ya manta bayanin da aka yi masa, uwar ta ce ai tana da 'yar lakwal a ɗaki. Yarinyar ta ƙura wa takardar ido, ba ta gane komai ba sai lamba uku. Kunya ta hana ta cewa ba ta iya ba, ta ce cokali uku za a riƙa ba shi, alhali rabin cokali ne sau uku a yini. Kwana biyu yaron ya yi a gidan likita rai a hannun Allah, kafin Allah ya tashi kafaɗarsa. A gaban ɗalibaina matar ta tambaye ni me nake koya wa 'yarta shekara uku in ba jan guga ba. Ta ce in don rijiya ce su ma suna da ita a ƙofar gida. Wallahi ban iya ɗaga kai ba.

Washegari na rufe littafin tsarin karatu na jefa a akwati. Na mayar da 'yan aji biyar kan baƙi da wasali, in bayani ya ƙi shiga da Faransanci in yi shi da Hausa. Darakta ya kira ni gefe ya ce in rufa masa asiri in rufa wa kaina, ni da ko lambar aiki ban samu ba. Na ce ya yi haƙuri, na gama da waccan dabara. Da sufeto ya dawo ban aiki kowa ko'ina ba, na ce ya zaɓi wanda ya ga dama. Yara huɗu a jere suka tsaya gaban allo kamar an dasa su. Ya ce tsarin karatu ya baro ni a baya da wata huɗu, na ce yaran nan an baro su da shekara huɗu, kuma da hannuna a ciki da nasa. Da damina ta matso na ƙi sa hannu a takardar wucewar mutum goma sha tara. Wani ya sa a madadina, ni kuma aka cilla ni wani ƙauye can bakin iyaka inda sai da amalanke ake shiga.

Har yau ana cewa taurin kaina ya ja mini. Na ji, kuma ko gobe haka zan yi. Nadamata tana kan shekarun da na yi ina sayen yabo da 'ya'yan mutane. Yarinyar tun makon da abin maganin ya faru uwarta ta cire ta daga lakwal, sau uku ina zuwa gidan roƙo ba ta dawo ba. Bara, bayan shekara goma, na haɗu da ita a kasuwar Matameye. Ta durƙusa ta gaishe ni, sannan ta miƙo mini wayarta in nemo mata sunan mijinta a ciki. Na nemo mata. Ku masu zama ofis kuna rubuta kowa ya wuce, ba ku za a miƙa wa wayar ba, mu ne. Kai kuma ɗan'uwana malami, kafin ka sa hannu bana, kira yaron shi kaɗai ka ba shi takardar da bai taɓa gani ba. In ya kasa, ajiye biron, ko ina za su kai ka.