Ɗinkin Cikin Riga

A shekarata ta ƙarshe a Guangzhou, ina dab da gama digiri na biyu, jami'o'i biyu na Amurka suka ba ni gurbin digirin digirgir. Fannin shi ne nazarin yadda mutane ke shawo kan juna da magana da rubutu, da yadda ake koyar da rubutun. Ɗaya jami'ar ko mai shayi ya san sunanta. Ɗayar kuwa tana wani ƙaramin gari mai sanyi a tsakiyar gonakin masara, ni kaina sai da na lalubo ta a taswira.

Kawuna, ƙanin mahaifiyata, shi ya riƙe ni tun rasuwar babanmu, shi ya kawo ni karatu Chana. Ɗan kasuwa ne a Kano, yakan zo saro tufafi a kasuwar Shahe da ke Guangzhou, ni kuma ina yi masa tafinta. Da ya ji sunan babbar jami'ar, kafin in rufe baki ya sanar da rabin Kano. Ban taɓa saɓa masa ba. Fushinsa kuma ba ya saurin sauka, ya taɓa shekara biyu bai gaisa da ƙaninsa ba.

Abin da nake son bincika shi ne saƙonnin da 'yan kasuwarmu ke aika wa masu shago a waya. Turancinsu karyayye ne, amma da shi suke karya farashi, su lallashi mai taurin kai, su ƙi tayi ba tare da an ɓata ba. Malamin babbar jami'ar ya saurare ni ta bidiyo, ya yi murmushi, ya ce gara in tattara kurakuran da ɗaliban Afirka ke yi a rubutu. Na nemo kundayen ɗalibansa baƙi na karanta. Kowa ya zauna ya lissafa gazawar mutanen garinsu. Raina ya ɓaci ƙwarai. Wato in tsallake teku in je in yi tallan jahilcin kawuna? Malamar ƙaramar jami'ar kuwa cewa ta yi in turo saƙonnin, bayan sati ta dawo da tambayoyin da suka sa ni gumi.

Ranar da na faɗa wa Kawu zaɓina, muna wani shagon riguna a Shahe da hantsi. Mai shagon ta jawo aljihun tebur cike da tambura iri-iri, ta ce in tambayi laoban, wato maigida, wane suna yake so a ɗinka masa a wuyan rigar. Kawu ya yi dariya. Kamar kullum, ya zura hannu can ƙasan kwali ya zaro ɗaya, ya juya cikinta waje, ya ja ɗinkin hammata.

"Ki ce mata sunan ba shi ne kwaliti ba," in ji shi. "Ni ɗinki nake saye."

Na fassara mata. Sannan na ce, "Kawu, ni ma na juya tawa rigar. Ƙaramar zan je."

Ya dube ni. "Wace ƙaramar? Ke, kanki ɗaya kuwa? Me zan ce wa mutanen da na faɗa wa?"

"Ka ce musu na duba ɗinkin, ba shi da kyau."

"Makaranta ba riga ba ce!"

"Kai ka koya min, Kawu. Shekara uku ina tsaye a bayanka, ban taɓa ganin ka sayi tambari ba. Sai a kaina za ka fara?"

Ban sunkuyar da kai ba. Ya ajiye rigar, ya fita, ya bar ni da mai shago tana tambayata ko farashin ne ya yi yawa. Da la'asar na rubuta wa babbar jami'ar na gode, ba zan zo ba. Kawu ya koma Kano bai yi min sallama ba. Na yi kuka, amma ban ba da haƙuri ba, don ban ga laifin da na yi ba. Mahaifiyata ta kira ta ce bin na gaba bin Allah. Na ce mata ai bin sa na yi.

Wata huɗu bai ɗauki wayata ba. Saura kwana biyar in tashi, wani abokin kasuwancinsa ya kira ni in same shi a bakin tashar jirgin ƙasa. Ya miƙo min leda, ya ce, "Alhaji ya ce a ba ki." Babu takarda, babu saƙon gaisuwa.

Rigar sanyi ce mai kauri. An juya cikinta waje, wuyanta babu tambari. Nan a tsaye cikin jama'a na ja ɗinkin hammatar da dukkan ƙarfina. Ko gezau bai yi ba.