Gajeriyar Ƙafar Kujerar Iya

Kakata, wadda duk gida ke kira Iya, ba ta fara tatsuniya sai ta kwashe ƙosan ƙarshe daga kasko. Mu yara mun san haka, shi ya sa da an sallame magariba za ka same mu a gindin murhu, ido ɗaya a bakinta, ɗaya a kan ɓarɓashin da ya rage a kwando. Gidanmu na haya ne a Zongon Kotonu, ɗakuna bakwai da tsakar gida ɗaya, murhun Iya kuwa yana can kusurwa, dab da magudanar ruwa. Da damina ruwa kan cika lungunmu har idon sawu, amma ban taɓa ganin ya kashe mata wuta ba, ban kuma taɓa tambayar dalili ba.

Tana zama a kan wata 'yar kujerar tsugunno ta icen maɗaci. Da ita ta zo daga ƙasar Kabi, lokacin da kakanmu mai fataucin shanu ya kawo ta bakin teku. Kujerar ta yi baƙi ta yi sulɓi saboda hayaƙi da mai. Ni ne jikanta namiji na fari, don haka maigida take ce min, kullum tana yi min tsiya wai tunda ta aure ni ko ɗankwali ban ɗaura mata ba.

Tatsuniyoyinta suna da yawa, amma akwai guda da ke tayar min da hankali, kuma ita nake roƙo. In za ta fara sai ta ce ga ta nan tafe, mu ba ta wuri, mu kuma mu ce ta zo ta zauna.

Wai a wani gari an yi wani masassaƙi da ba ya saran ice sai ya je gidan mai kujera, ya durƙusa ya shafa ƙasar da za a ajiye ta. Wani attajiri mai ji da kansa ya ce ba mai shigar masa gida yana lalube kamar wanda allura ta ɓace wa. A dai sassaƙa wa tsohuwarsa kujera, ƙafafu huɗu daidai wa daida. Masassaƙi bai yi musu ba, ya yi yadda aka ce. Da aka kai kujera gida tsohuwa ta hau, sai kujera ta nemi zama ta rasa, don ƙasar wurin ba a shimfiɗe take ba. Shi ke nan ta kama tafiya da tsohuwa a kanta, tana neman ƙasar da za ta dace da ita. Ta fita zaure, ta ratsa kasuwa, ta wuce bayan gari.

In an zo nan, Iya takan miƙe ta ja kujerarta daga gindin murhu zuwa kan simintin bakin ƙofa, ta zauna tana kaɗa ta, ƙwas, ƙwas.

"Kun ji ta ko? Ga ta can ta doshi gadar Akpakpa, har yau ba ta samu ba."

Ni kuwa sai in cukuikuye zanen mahaifiyata, Inna, ina tambaya ko tsohuwar ta dawo gida. Iya ba ta taɓa ba ni amsa ba. Sai dai ta ce, "Maigida, kai da za ka tsare ni, kai ne kuma matsoracin?" Daga nan ta ce zance ya ƙare, kowa ya nemi tabarmarsa, ta mayar da kujera mazauninta, kujera ta zauna daram.

Iya ta rasu ina lakwal, wato makarantar boko. Inna ta gaji murhu da kasko da kujera, da masu sayen ƙosai da ke zuwa tun daga Tokpa-Hoho. Ni kuma na koyi zanen kayan katako a kwamfuta, yanzu ina aiki a wani atilye, wato shagon kafintoci, a unguwar Akpakpa. Nakan ɗauko fasalin kujerun gargajiya in gina su a manhaja, in juya su ta kowane ɓangare, in auna kowane lungu, kafin kafintoci su taɓa katako. Ba zan ɓoye ba, aikin ya ɗan fasa min kai.

Watanni uku da suka wuce kujerar Iya ta dare gida biyu, ashe gara ta daɗe da cinye cikinta. Na ce wa Inna kada ta damu, wannan ai sana'ata ce. Na kwashi ɓangarorin biyu na kai atilye na auna. Sai na ga ƙafa ɗaya ta baya ta gaza sauran da santimita uku. Na yi murmushi, na ce shekaru ne suka cinye ta. Na zana ƙafa guda mai kyau, na umarci manhaja ta maimaita ta a sauran kusurwoyi uku. Kujera ta fito tsaf, har abokan aiki suna ɗaukar ta hoto.

Kwana biyu da kai mata, aka kira ni a waya. Inna ta miƙa hannu za ta juya ƙosai, sai ta tafi gaba ɗaya, hannunta na dama ya faɗa cikin tafasasshen mai.

Ƙunar ta warke a hankali. Abin da ya ƙi warkewa shi ne abin da ta sa a ranta. Ta ce jiri ne ya ɗebe ta, tsufa ya zo, wanda jiri ke ɗiba kuwa ba shi da zama kusa da wuta. Mako shida murhu a mace. Matar da ke tashi kafin kiran asalatu ta koma zaman ɗaki, tana cin loma biyu ta ture kwano. Likita ya auna ta ya ce jininta lafiya lau, ta ce shi yaro ne. Ta fara raba zannuwanta ga ƙannena, tana yi min bayanin wanda za a ba kaskon. Tsoro ya kama ni sosai, don na ga uwata tana haɗa kayanta ina kallo.

Wata ranar Juma'a da yamma na je gaishe ta, na tarar tana kwance. Na fito tsakar gida na ja sabuwar kujerar zuwa gindin murhu, daidai inda Iya ke zama, na zauna don kawai in rasa abin yi. Na sunkuya zan ɗauki wani guntun gawayi, sai na ji ƙwas.

Gabana ya faɗi. Shekara ashirin da wani abu rabona da wannan ƙara, amma na gane ta. Na durƙusa na shafa ƙasa. Nan ga wani ɗan tudun siminti, faɗinsa bai wuce tafin hannu ba, an bi da shi gefen murhu don ya karkatar da ruwan sama zuwa magudana. A kansa gajeriyar ƙafar ke tsayawa. Washegari na duba tsohuwar kujerar a atilye, na ga sawun zarto a ƙarƙashin ƙafar. Iya da kanta ta sa aka rage ta. Sau nawa ta nuna mana kujerar tana rawa a shimfiɗaɗɗen wuri tana kuma zama daram a gindin murhu, ni ina can ina tsoron tsohuwar tatsuniya.

Gyaran, wato rage ƙafar bayan sabuwar kujerar da santimita uku, bai ci minti goma ba. Faɗa wa Inna ne ya ci min kwana uku. Ina tsoron ta ce na ƙona ta, ina kuma tsoron ta ƙi yarda, ta ɗauka lallashi ne irin na likita. In ta ƙi yarda, ban san abin da ya rage min ba.

Ran na huɗu na roƙe ta ta fito. Na durƙusa na faɗa mata komai. Na kama hannunta mai tabon na ɗora a kan tudun simintin. Inna ba ta kiran sunana, da yake ni ne ɗan fari, kuma ba ta yi min kallon ido cikin ido ba. Ta daɗe tana shafa wurin. Sannan ta sa ƙafa ta danna kujerar ta gaba, ta danna ta baya, ba ta motsa ba. Ta zauna a hankali tana riƙe da kafaɗata. Ta miƙa hannu wajen da kasko ke zama, ta dawo da shi, ta sake miƙawa.

"Ashe ba jiri ba ne," in ji ta, kamar da kanta take magana.

Na ce ta yafe min. Ta ce, "Kai wannan, injin naka bai san gidanmu ba, amma kai ai a nan aka yanke maka cibiya."

Maganar ta shige ni, kuma ta yi daidai. A cikin kwamfuta ƙasa shimfiɗaɗɗiya ce ko'ina, ba tudu ba gangare, a Zongo kuwa ban san gida ɗaya mai irin wannan ƙasar ba. Yanzu duk wanda ya zo neman kujera sai na bi shi gida na durƙusa, wasu har dariya suke yi min. Na kuma daina jin haushin Iya da ta ƙi gaya min ko tsohuwar ta dawo. Ina jin ta san amsar tana hannun ɗan da ya sa aka yi kujerar.

Ran nan da zan tafi, har na kai zaure, Inna ta ɗaga murya daga gindin murhu, tana nan zaune ba ta tashi ba.

"Gobe in za ka zo, ka biyo ta kasuwar Tokpa ka auno min wake."